Ƙeyar Auta

Mai Aski ya san kawunan unguwarsu kaf, kuma ba ya ɓoye alfaharinsa da hakan. Ko daga nesa ka ba shi baya, zai faɗi ko kai wane ne, ya faɗi wanda ya yi maka askin ƙarshe, ya ƙara da cewa hannun mutumin yana rawa. Ya san wanda sanƙo ya fara yi wa sallama ta tsakiyar kai tun mai kan bai sani ba. Ya san mai ƙari a bayan kunne, ya san dattijon da ke shafa baƙin rini a ɓoye yana cewa gadon gidansu ne rashin furfura. Fuska kuwa ba ta dame shi ba. A cewarsa kowa na iya gyara fuska da murmushin ƙarya, amma ƙeya ba ta iya munafunci ba.

Shagon nasa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin kantin magani da shagon mai ɗinkin labule. Kujera ɗaya ce mai juyawa, wadda ke kuka in an kai ta hagu. Sai bencin masu jira, da madubi mai tsaga a kusurwa, da wata fanka da ba ta da aiki sai kwashe gashi daga ƙasa ta mayar wa mutane a wuya.

Abin da ya fito da sunansa kuwa askin yara ne. Akwai yaran da da zarar sun ji ƙarar injin aski sai su sandare, su tsala ihu kamar za a cire musu kunne. Irin waɗannan ake kawo masa bayan sun gagari kowa. Shi ko ba ya lallashi, ba ya tsawa. Sai ya jawo durowa, ya ɗauko wata tsohuwar waya, ya kunna gem ɗin wani ɗan mutum da ke gudu yana tsallake motoci, ya damƙa wa yaron. Nan take kuka ya ɗauke, kai ya sunkuya daidai yadda mai aski ke so, kamar an auna. Iyaye mata su yi ta cewa hannunsa na da sanyi, shi kuma ya karɓi yabon bai rage komai ba.

A kan ɗansa Auta aka gano wannan dabara, tun yana ɗan mitsitsi. To ga shi yanzu Auta ya kusa gama firamare, kuma kan da aka sunkuyar tun wancan lokacin bai sake ɗagowa ba.

Da hannu ɗaya yake cin abinci, ɗayan na kan waya. In an aike shi sayen burodi, sai an sake aiken wani ya je ya nemo shi, a same shi tsaye a jikin falwaya babu burodi babu labarin burodi. Duk maganar da aka yi masa amsarta ɗaya ce, “um.” Wata rana Mai Aski ya tsaya a bayansa a falo ya gwada shi. Ya ce masa gidan ya kama da wuta, Auta ya ce um. Ya ce masa an sayar da shi ga masu jirgin ruwa, gobe za su zo ɗaukarsa, Auta ya ce um. Mai Aski ya yi dariya har da riƙe ciki, amma da ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado sai ya ji dariyar ba ta zauna masa daidai ba.

Don a da ba haka yaron yake ba. A da Auta ne rediyon shagon. Yana zaune a ƙarshen benci yana kaɗa ƙafa, yana tambayar manyan mutane me ya sa gashi ke fitowa a kunnensu, da kuma inda gashin mai sanƙo yake tafiya in ya tafi. Sai an ba shi alewa ake samun shiru. Wannan yaron Mai Aski ke nema. Bai ce lallai sai ɗansa ya zama likita ko injiniya ba. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: in ya yi magana, yaron ya ɗago kai ya dube shi.

Da ya kai kukansa benci, sai ya tarar ashe kowa a unguwar ƙwararre ne a tarbiyya. Direban tasi ya ce maganin abin bel ɗin wando ne, a cire a nuna masa sau ɗaya, shi ke nan. Tsohon ɗan sanda ya ce a'a, ba a fara hukunci sai an kama kayan laifi, a ƙwace wayar tukuna sannan a yi bincike. Yaron kantin magani, wanda ke sa farar riga duk da ba wanda ya ce ya sa, ya ce ya taɓa jin labarin wani yaro da manyan yatsunsa suka lanƙwashe har ba ya iya ɓalle maɓallin riga. Mai ɗinkin labule ya ce yaran yanzu sai addu'a. Dukansu sun ba da wannan shawara ne kawunansu a sunkuye, kowa na shafa tasa wayar.

Ya fara da wa'azi. Ya tsaya a bayan kujerar Auta ya yi dogon jawabi a kan muhimmancin ilimi da illar wasa, har da misalin kansa da yadda ya taso. Auta ya ce um. Sai aka koma ƙayyade lokaci, Maman Auta ce mai lura da agogo. In lokaci ya cika sai Auta ya ce a bari ya ƙarasa wannan zagayen kawai, kuma a iya sanin mutanen gidan ba a taɓa ganin ranar da zagayen nan ya ƙare ba.

Daga nan wani ya ba shi shawarar ya kulle wayar da lambar sirri. Shawara mai kyau, sai dai Mai Aski bai san inda ake shiga a sa lambar ba. Ya yi ta dannawa har wayar ta koma wani yare. Ƙarshe dai ya kira Auta. Yaron ya zo da ladabi, ya mayar da yaren, ya nuna masa wurin, har ya ba shi shawarar kada ya sa shekarar haihuwarsa don kowa zai iya cinka. Mai Aski ya gode masa, ya zaɓi wata lambar, ya danna ta a hankali yana faɗinta a fili don kada ya manta.

Da kullewa ta ƙi, sai ɓoyo. Ya sa ta a cikin takalminsa na zuwa unguwa, ya sa ta a bayan firji, ya sa ta a cikin babbar tukunyar da ba a taɓawa sai an yi baƙi. Auta ba ya ko wahalar bincike. Wayar uwarsa yake ara ya kira lambar, ya tsaya ya saurari inda tukunya ke waƙa.

Ranar da abin ya ishi Mai Aski, ya ɗauki wayar ya tafi da ita shago, ya jefa a durowa tare da tsohuwar da yake ba yara, ya murza makulli. Da ya dawo yana ba matarsa labarin wannan jarumta, ita tana yankan albasa, ba ta ko juyo ba ta ce ai shi ya koya wa yaron, kuma har gobe yana can yana koya wa 'ya'yan mutane. Ya ce wancan aiki ne, daban yake. Ta tambaye shi ta ina ya bambanta. Ya ce ba za ta gane ba, sha'anin sana'a ne. Ta ce to, tun da ana maganar sana'a, ya lura shi ma bai iya yi wa mutum magana ta gaba ba, kullum sai ya zagaya ta baya kamar zai yi masa gyaran ƙeya. Ya ce albasa ce ke sa ta surutu, ya fice.

Abin mamaki, Auta bai yi kuka ba, bai yi gardama ba. Ya dai ƙara yin shiru. Yana fita makaranta da wuri, ya dawo dab da faɗuwar rana, ya ce an sa musu darasin yamma saboda jarrabawa. Har yanzu ba ya duban uban, sai dai ya dubi ƙasa, amma Mai Aski ya fassara wannan da ladabi. A shago kuwa sai ya tashi daga mai neman shawara ya koma mai bayarwa. Duk uban da ya zauna a kujerarsa sai ya sha bayani a kan yadda ake riƙe gida. Ya ce abin ba wuya, tsayuwar namiji kawai yake so. Tsohon ɗan sanda yana gyaɗa kai, don a ganinsa shawararsa ce ta yi aiki.

Ana cikin haka wata rana da yamma malamin lissafin su Auta ya shigo aski. Mutum ne mai yalwar suma, wanda ba ya zuwa sai ta kai masa ko'ina. Mai Aski ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya fara daga dama, yana aiki yana zuba. Ya sauke gefe guda tas, ya zo tsakiya, sai ya ga ya kamata ya yi godiya. Ya ce Allah ya saka wa malamai da alheri a kan wannan darasin yamma da suka ƙirƙiro, yaro ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi.

Malamin ya dube shi ta madubi.

“Wane darasin yamma?”

Injin ya ci gaba da kuka a hannun Mai Aski, amma ya daina taɓa gashi. Malamin ya yi gyaran murya ya ce shi dai bai san da wani darasi ba. Hasali ma yana neman hanyar da zai faɗa masa cewa Auta kan sulale tun kafin a tashi. In ana nemansa, a duba gidan gem ɗin da ke bayan tashar mota, don can rabin ajinsa suke ƙarasa karatunsu.

Mai Aski ya kashe injin, ya ajiye shi a hankali. Ya ce wa malamin yana zuwa yanzun nan. Bai jira amsa ba ya fita, ya bar bawan Allah a kujera da ƙyalle a wuya, rabin kai fes, rabin kai daji.

Gidan gem ɗin a ƙarƙashin wani bene yake, sai an sauka matakala an ɗaga wani labule mai nauyi. Yana shiga zafi da warin safa suka tarbe shi. Babu fitila, hasken talabijin ne kawai a jere jikin bango, ga ƙarar bindigogi, ga ihun mai sharhin ƙwallo, ga na yaran da kansu. Masu bugawa suna gaban talabijin. Masu jiran layi kuma suna kan wani dogon benci sun ba ƙofa baya, kowa ya duƙufa a kan waya kafin layi ya zo kansa. Duk kayan makaranta ɗaya ne a jikinsu.

Mai Aski bai ɓata lokaci a kan na gaban talabijin ba. Ɗansa dai sunkuyayyen kai ne, don haka benci ya nufa. Wani yaro ya miƙe tsaye a kan hanyarsa yana faɗin wani abu da hayaniya ta haɗiye, ya sa hannu ya kawar da shi gefe, ya ce, “Matsa, yaro,” idonsa na kan layin ƙeyoyi.

Sai da ya zo kansu ya ga wani abu da ya sa shi ɗan dakatawa. Askin duk nasa ne. Daga wannan ƙarshen benci zuwa wancan, saisaye iri ɗaya, da 'yar tsagar nan ta gefen hagu da yake yi wa yara kyauta. Duk da ɓacin ran da yake ciki, sai da ya ji wani ɗan daɗi, don gaskiya aikin ya fita. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Can kusa da ƙarshe ya gan ta: sabon aski, siririn wuya, kunnuwa sun ɗan buɗe. Ga kuma waya a hannu, wato har aro ya koya.

Ya ɗora hannu a ƙeyar, babban yatsa a bayan kunne ɗaya, sauran a bayan ɗayan, irin riƙon da yake yi in zai gyara layin wuya. Yaron ya miƙe ba musu. Duk yaron da ya girma a kujerar Mai Aski ya san hannun nan, jikinsa na bin umarninsa ko da hankalinsa na wata duniya. Mai gidan gem ya taso yana cewa, “Yallaɓai, ai wannan…” Mai Aski ya ɗaga masa ɗaya hannun ya ce ya adana bayaninsa, shi ma zai dawo kansa. Ya tasa ƙeyar yaron suka hau matakala.

A titi ya buɗe wuta. Ya fara daga ƙarya, ya ce a gidansu ba a san ta ba. Ya koma kan darasin yamma, ya tambaya ko wannan ramin mai warin safa shi ne ajin. Ya tambaye shi wayar waye wannan. Yaron ya ce um, yatsunsa na ta aiki. In sun zo kwata sai Mai Aski ya ɗan matsa ƙeyar ya ce a kula, yaron ya ɗaga ƙafa ya tsallake bai ko duba ba. Direban tasi ya wuce su, ya rage gudu, ya leƙo da baki buɗe, ya yi ta danna ham. Mai Aski ya ɗaga masa hannu irin na wanda ake yi wa jinjina. Wata mai sayar da lemo ta bi su da kallo har ta juya a kan kujerarta. Ya ce a ransa, su kalla da kyau, su ga yadda uba ke yi.

Sai dai faɗa ma yana da iyaka, musamman in ana yin sa da tafiya. Kafin su kai famfon unguwa duk abin da ya tanada ya ƙare, ya maimaita wasu har sun gundure shi. Yana kallon siririn wuyan nan a ƙarƙashin hannunsa, sai ya ji fushin ya zube, wani abu mai nauyi ya maye gurbinsa. Kuma da yake ba ido a cikin ido, maganar ta zo masa da sauƙi.

Ya tambaye shi ko ya tuna lokacin da yake zama a ƙarshen benci yana hana mutane sakat da tambaya. Ya ce a lokacin har cewa yake a yi masa shiru, ashe bai san daɗin da yake ji ba.

“Ni na fara sa maka waya a hannu,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. “Mamanka ta faɗa, na ƙi yarda, amma gaskiyarta ne. Don in samu ka zauna shiru na yi, ka kuwa zauna. Yanzu ga shi ina neman mai yi min surutu na rasa.”

Yaron ya ce um.

“Ban iya irin wannan maganar ba. Ni aski na iya. Amma kana cikin gidana, muna cin abinci tare, kuma kewarka nake yi kamar ka yi tafiya. Ban ƙi ka yi wasanka ba. Ni dai in na kira ka, ka ɗago ka dube ni, ko sau ɗaya ne.”

Sai ya ji kafaɗun yaron suna rawa, numfashinsa na fita da sauri. Idon Mai Aski ya ciko. Ya sassauta riƙon, ya shafa kan a hankali, ya ce ya isa, kada ya yi kuka a titi, komai ya wuce. Bai san cewa a daidai lokacin wasu mutum uku ne suka yi wa yaron ƙawanya a bayan wata motar yaƙi a cikin gem ba.

Haka suka iso gida. Maman Auta na bakin ƙofa tana kwashe shanya. Mai Aski ya tsayar da yaron a gabanta, ya share ido da gefen hannu, ya ce ga ɗanta nan, daga gidan gem ya ɗauko shi, amma kada ta yi masa faɗa, sun riga sun fahimci juna a hanya.

Ta dubi yaron. Ta dubi mijinta. Ta leƙa bayansa, ta daɗe tana kallon wani abu, sannan ta dawo da idonta kansa.

“Wannan ɗan waye?”

Ya buɗe baki zai ce wace irin tambaya ce wannan, sai dai hannunsa ya riga shi. Ya juyo da kan, yadda yake juya na wanda yake yi wa aski zuwa madubi. Fuskar da ta dube shi mai faɗi ce, da wushirya. Ɗan nas ɗin da ke layin baya ne. Yaron ya ƙifta ido, ya dubi gidan, ya dubi sararin sama kamar yana mamakin yaushe aka fito waje, sannan ya rusuna.

“Ina wuni, Baba. Aski za a yi min? Ai shekaranjiya ka yi min.”

Maman Auta ta saki kwandon shanya, ta zauna a kan dakali, ta rufe fuska da wata rigar makaranta, jikinta na girgiza don dariya. Da hannu kawai ta yi masa nuni da bayansa.

Ya juya. Auta ne tsaye 'yan taku kaɗan daga gare shi, da jakar makaranta biyu, tasa a baya, ta abokinsa a hannu. Kansa a ɗage yake, yana kallon uban sosai.

“Tun yaushe kake nan?” in ji Mai Aski.

“Tun daga can. Da ka shigo na ajiye abin bugawar na tashi. Na ce Baba. Ka ce in matsa.”

Mutumin da ya san kawunan unguwa kaf, ga shi tsaye a ƙofar gidansa da ɗan mutane a hannu. Kunya ta rufe shi tun daga ƙafa, ba ta unguwa ba, duk da ya san kafin dare labarin zai kai tasha. Kunyar yaron nan mai jaka biyu yake ji. Da ƙyar ya tambaye shi ko ya ji abin da yake faɗa a hanya. Auta ya ce ya ji. Ya tambaye shi daga ina. Auta ya ce duka, har da wurin kewa. Ya faɗi haka yana murza igiyar jakar, kuma bai yi dariya ba.

Sai ɗan nas ya tambaya ko akwai caja a gidan, don wayar ta kusa mutuwa. Maman Auta ta tashi tana share hawaye, ta karɓi jakarsa daga hannun Auta ta rataya masa, ta ce ita za ta raka shi gida da kanta, kada wani uban ya sake tsintarsa a hanya. Har ta yi gaba ta juyo ta tambayi mijinta wa ya bar wa shago.

Sai a lokacin ya tuna da malamin lissafi.

Ya ce wa Auta ya zo su je. Hannunsa ya ɗaga da kansa zai nufi ƙeya, ya mayar da shi aljihu. Suka jera kafaɗa da kafaɗa.

Sun tarar da malamin yana nan inda aka bar shi, don ba inda mutum zai je da irin wannan kan. Ya dai jawo labulen ƙofa ya rufe, saboda ɗalibansa sun fara wucewa suna dawowa. Ya dubi Auta, ya dubi uban, ya ga yanayinsu, sai ya haɗiye jawabin da ya shirya. Mai Aski ya ƙarasa askin shiru, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin shagon. Malamin ya kakkaɓe wuya, ya ce wa Auta yana son ganinsa gobe har a tashi, ya fita.

Shagon ya rage su biyu da fanka. Auta ya zauna a benci yana jiran hukunci. Mai Aski ya yi ta goge injin da ya riga ya goge. Can ya ajiye, ya juyo da kujerar askin ta fuskanci benci, ya zauna a kanta. Shekara da shekaru yana tsaye a bayan kujerar nan, bai san tana da tauri haka ba.

Ya ce maganar gudu daga makaranta da ƙarya tana nan, za a yi ta, kuma ba za ta yi daɗi ba. Maganar waya ma za su zauna da mamansa su uku a tsara yadda za a yi. Amma kafin nan yana da tambaya. Wai shi wannan gem ɗin, me ake yi a cikinsa?

Auta ya dube shi da alamar zargi, yana neman inda tarkon yake. Ya ce ba komai, gudu ne da harbi. Mai Aski ya ce harbin wa. Auta ya ce ai ƙungiya-ƙungiya ne, su huɗu ne a tasu, shi ne mai duba hanya. Mai Aski ya ce wato shi ne idonsu. Auta ya ce ƙwarai, don in ba shi, ɗan nas ba ya ganin komai, ko gini ne a gabansa sai ya shiga. Mai Aski ya ce wannan kam ya shaida.

Dariya ta kuɓuce wa Auta. Daga nan kuma bakin ya buɗe. Ya shiga bayanin wani tsibiri, da wata gada da ba a hawanta da rana, da wani abokinsu da ya ci amanarsu ya koma wata ƙungiya saboda an ba shi hular ƙarfe. Yana yi yana nunawa da hannu, yana tashi yana zama. Mai Aski bai gane ko rabin abin ba. Kallonsa kawai yake yi. Ya ga ashe hancin ya fara tsawo irin na uwarsa, ya ga girarsa ɗaya na ɗagawa in zai faɗi abin da yake ganin muhimmi ne. Da yaron ya kai wurin da maci amanar ya faɗa ruwa da hularsa, ya tuntsire da dariya har ya jefa kai baya, sai uban ya hango wani tabo a ƙarƙashin haɓarsa, fari, ya kai tsawon gaɓar yatsa, ya daɗe da warkewa.

“Tsaya. Wannan fa? Yaushe ka ji ciwo a nan?”

Auta ya taɓa wurin. “Wannan? Ai tun bara ne. A matakalar makaranta na faɗi. Har ɗinki aka yi min.”

“Ni ina ina a lokacin?”

“Kana nan. A satin ma ka yi min aski, da filastar a wurin.” Ba da fushi ya faɗa ba, yana dai tunawa ne. “Ka ce in sunkuyar da kai.”

Mai Aski ya miƙa hannu ya taɓa tabon da babban yatsa, a hankali, kamar har yanzu zai iya yin zafi. Wani ya ɗaga labule ya leƙo yana tambaya ko ana aski. Bai juya ba ya ce an tashi.

Ya jawo kujerar kusa da benci har gwiwarsu ta haɗu.

“Ci gaba,” in ji shi. “Bayan ya faɗa ruwan, sai aka yi yaya?”